TUN RAN GINI RAN ZANE: Yadda Ake Tabbatar da Kusurwa Biyu Daidai Suke

Da zarar an kau da amfanin gona, an sayar da riɗi da gyaɗa, sai hankalin magidanta ya koma kan gini. A Kiyawa da Shuwarin da Andaza da Katanga, duk inda mutum ya bi da rani zai ga ana kwaɓa ƙasa, ana buga bulo, ana kafa turaku ana jan igiya. Wani ɗansa zai yi wa aure, yana neman ɗakin amarya. Wani shago yake so a bakin hanya. Wani kuma ruwa ne ya rushe masa gida, kamar yadda ambaliyar shekarar 2022 ta yi wa mutane da yawa a Jihar Jigawa.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta, fili ya ƙara daraja a Dutse da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, har da Kiyawa. Ƙafa ɗaya ta fili wadda a da ba a kula da ita, yanzu tana iya kai 'yan'uwa gaban alƙali.

Akwai wani kuskure da ke cin kuɗin magidanta ba tare da sun sani ba. Shi ne karkacewar kusurwa, wadda magina ke kira kwana. Ranar kafa harsashi ba ya nuna kansa. Sai ranar da kafinta ya hau sama zai buga kwano. Shi kwano daga masana'anta yake zuwa da kusurwoyinsa huɗu a daidaice. Idan ɗaki ya karkace, sai a ga kwano ya yi rara a wannan gefe, ya gaza a wancan. Sai an yi ta yanka ana ƙari. A lokacin kuwa siminti ya riga ya bushe, kuɗi ya riga ya tafi.

Ana iya kauce wa wannan asara da igiya da turaku kawai. Abin da ake bukata shi ne sanin yadda ake tabbatar da cewa kusurwa biyu daidai suke, da kuma dalilin da ya sa awon ba ya ƙarya.

Mene Ne Kusurwa?

Kusurwa ita ce buɗewar da ke tsakanin layi biyu da suka haɗu a wuri ɗaya. A dubi ƙyauren ɗaki. Idan an ɗan tura shi, kusurwar da ke tsakaninsa da bango ƙarama ce. Idan an wangale shi, ta zama babba.

Abin lura a nan shi ne, tsawon layukan ba shi ne girman kusurwa ba. Ƙaramin almakashin tela da babban almakashin yanka kwano suna iya buɗe baki daidai wa daida, ko da yake ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Ana auna kusurwa da digiri, kamar yadda ake auna hatsi da tiya. Idan mutum ya tsaya yana fuskantar gabas, ya juya har ya sake fuskantar gabas, ya yi digiri 360. Idan ya juya ya fuskanci yamma, ya yi rabi, wato digiri 180. Wannan shi ne miƙaƙƙen layi. Idan kuwa daga gabas ya juya ya fuskanci kudu, ya yi digiri 90. Wannan ita ake kira tsayayyar kusurwa. Ita ce kusurwar ɗaki, da ta bulo, da ta kwano, da ta takarda.

Digiri ɗaya ƙaramin abu ne, ido ba ya kama shi. Amma idan kusurwa ta kauce da digiri ɗaya tak, bango mai tsawon ƙafa 12 zai goce da inci 2 da rabi a ƙarshensa. Idan iyakar fili mai tsawon ƙafa 100 ta kauce da digiri 2, za ta shiga filin maƙwabci da ƙafa 3 da rabi. Ke nan ƙaramin kuskure a gindi, babba ne a ƙarshe.

Gani Daban, Hujja Daban

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Gaskiya ne. Sai dai a wajen gini da rabon fili, ƙima ba ta isa ba. Mudun ake so.

Kusurwa biyu daidai suke idan za a iya ɗaukar ɗaya a aza a kan ɗayar, su hau juna ba rara ba giɓi. To amma ba wanda zai ɗauki kusurwar ɗaki ko ta gona ya aza a kan wata. Saboda haka masana suka nemo hanyar tabbatarwa ta hankali. Ana farawa da abin da kowa ya yarda da shi, a bi shi mataki-mataki, har a kai ga abin da ake nema. Wannan shi ake kira hujja.

Wanda ya fi shahara da tsara irin waɗannan hujjoji shi ne Uƙlidis, wani masanin Girka da ya zauna a Iskandariyya ta ƙasar Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya tara su a littafi mai kashi 13. An fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga shekarar 786 zuwa 809. Larabawa suna kiran wannan fanni handasa. Daga baya wani masani da ya zauna a Bagadaza, Abul Wafa Albuzjani, wanda ya rayu daga 940 zuwa 998, ya rubuta littafi musamman a kan abin da masu sana'ar hannu ke bukata daga wannan ilmi. Ke nan tun da daɗewa aka san cewa ilmin magina da kafintoci ne, ba na 'yan makaranta kaɗai ba.

Hujja ta Farko: Mararraba

A samo kara biyu miƙaƙƙu. A gicciya su a ƙasa kamar bakin almakashi. Za a ga kusurwa huɗu: ta sama, ta dama, ta ƙasa, ta hagu. Maganar ita ce, ta sama da ta ƙasa daidai suke, ko yaya aka gicciya karan. Ga dalili.

Kusurwar sama da ta dama suna zaune a kan kara ɗaya miƙaƙƙe. Idan an haɗa su, digiri 180 ne.

Kusurwar dama da ta ƙasa suna zaune a kan ɗaya karan. Su ma idan an haɗa su, digiri 180 ne.

To, a cire kusurwar dama daga kowane ɓangare. Abin da ya rage a na farko ita ce ta sama. Abin da ya rage a na biyu ita ce ta ƙasa. Dole su zo daidai. Kamar buhu biyu ne, kowanne da tiya 40. Idan aka ɗebi tiya 15 daga kowanne, ba sai an sake aunawa ba, an san kowanne saura tiya 25.

Haka kuma ta dama da ta hagu daidai suke, da wannan dalili. Mai karatu ya lura, ba a auna komai ba. Hankali ne ya yi aikin. Kuma maganar ta hau kan kowace mararraba a duniya, ba ta kara biyu kaɗai ba.

Hujja ta Biyu: Kunyoyi da Turba

Manomin da ya iya riƙon garmar shanu, kunyoyinsa suna tafiya a jere. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa, kuma ba sa haɗuwa. Irin waɗannan su ake kira layukan jere.

Idan miƙaƙƙiyar turba ta ratsa gonar a karkace, za ta yanke kowace kunya da kusurwa iri ɗaya. Yadda ta shiga kunya ta farko, haka za ta shiga ta biyu, haka ta goma. Dalili kuwa, kunyoyin duk wuri ɗaya suka fuskanta, turbar ma ba ta sake alƙibla ba. Wannan magana ta dogara ne a kan ɗaya daga cikin ƙa'idoji biyar da Uƙlidis ya aza littafinsa a kansu.

Ana iya juya maganar. Idan layi biyu suka yanke turba ɗaya da kusurwa iri ɗaya, to layukan jere ne, ba za su haɗu ba. Wannan yana da amfani ga mai son jan sabuwar iyaka ta bi tsohuwa kafaɗa da kafaɗa.

Da waɗannan hujjoji biyu ake samun ta uku a kyauta. Alwatika ita ce siffa mai gefe uku da kusurwa uku. Kowace alwatika, babba ko ƙarama, idan an haɗa kusurwoyinta uku, digiri 180 ne. Ga yadda ake ganewa.

A zana alwatika a ƙasa, gindinta a kwance, kanta a sama. A ja layi ya ratsa ta kan, yana jere da gindin. Sa'an nan a ƙara tsawon gefuna biyu su zarce sama, su wuce kan. Yanzu a saman layin nan akwai kusurwa uku a jere. Ta tsakiya daidai take da kusurwar kan alwatika, domin mararraba ce. Ta dama daidai take da kusurwar hagu ta gindi, domin layi ɗaya ne ya yanke layukan jere biyu. Ta hagu kuma daidai take da kusurwar dama ta gindi. Su ukun suna zaune a kan miƙaƙƙen layi. Ke nan digiri 180.

Mai son gani da ido ya yanki alwatika daga takarda, ya yage kusurwoyinta uku, ya jera su baki da baki. Za su yi miƙaƙƙen layi.

Hujja ta Uku: Kara Uku Ba Sa Motsi

Wannan ita ce uwar aikin magini. A ɗaure kara huɗu baki da baki, su yi siffar ɗaki. Idan an tura gefe ɗaya, sai siffar ta langaɓe. Tsawon karan bai sake ba, amma kusurwoyi sun sake. To, a ɗaure kara uku. Ko an tura, ba sa motsi, sai dai su karye. Shi ya sa kafinta ke buga katako a gicciye a bayan ƙyaure.

Me ya sa haka? A ɗauka an kafa turke biyu, an ɗaure akuya a kowanne, kowace da tsawon igiyarta. Idan akuyoyin suka ja igiya har ta miƙe, suna son haɗa baki, wuri ɗaya tak za su haɗu a gaban turakun. Akwai wani wurin a bayan turakun, amma siffar ɗaya ce aka kifa, kamar hannun dama da na hagu. Tazarar turaku da igiya biyu su ne gefuna uku. Da zarar an tsai da tsawonsu, an tsai da alwatika, an tsai da kusurwoyinta.

Saboda haka, idan alwatika biyu suna da gefuna uku daidai wa daida, to kusurwoyinsu ma daidai suke.

Ga yadda ake aiki da wannan. Ana son a san ko kwana biyu na gini daidai suke. A je kwana ta farko. A auna ƙafa 3 a kan igiyar bango ɗaya, a sa alama. A auna ƙafa 4 a kan ɗaya igiyar, a sa alama. A auna tsakanin alamun biyu, a rubuta. Sai a je kwana ta biyu a yi haka. Idan awon tsakani ya zo ɗaya, kwanonin daidai suke. Idan na biyu ya fi tsawo, wannan kwana ta fi buɗewa. Idan ya gaza, ta fi tsukewa.

Misali, a kwana ta farko an sami ƙafa 5 cif. A ta biyu an sami ƙafa 5 da inci 2. Inci 2 ɗin nan da za a raina, kimanin digiri 4 ne. A bango mai ƙafa 12, gocewar za ta kai inci 10.

Kafinta ma yana amfana. Idan katako biyu na rufi da suka haɗu a tsororuwa tsawonsu ɗaya, to gangaren gefe biyu ɗaya ne. Dalili, idan an saki igiya daga tsororuwa zuwa tsakiyar katakon da ke kwance, an raba rufin zuwa alwatika biyu. Katakon gefe daidai, rabin na kwance daidai, igiyar kuwa ta haɗin gwiwa ce. Gefuna uku sun dace, kusurwoyi sun dace.

Igiya Mai Ƙulli 12

Ba banza aka zaɓi 3 da 4 ba. Alwatika mai gefuna 3 da 4 da 5, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 tsayayya ce, digiri 90 cif. A duba lissafin. 3 sau 3, 9. 4 sau 4, 16. 9 da 16, 25. 5 sau 5 ma 25. Duk alwatikar da lissafinta ya fito haka, tana da tsayayyar kusurwa. Ana danganta wannan ƙa'ida ga Fisagoras, wani masanin Girka da ya rayu fiye da shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun san wannan lissafi fiye da shekara 1,000 kafin shi.

Wanda ba shi da tef ba a bar shi a baya ba. Ya sami igiya da sanda ɗaya. Ya auna tsawon sanda 12 a jikin igiyar, yana ƙulli ko shafa gawayi a kowane tsawo. Ya haɗa bakin igiyar biyu. Sai mutum uku su riƙe. Na farko ya riƙe mahaɗa. Na biyu ya riƙe alama ta 3. Na uku ya riƙe alama ta 7. Su ja har igiya ta miƙe ta ko'ina. Kusurwar da ke hannun na biyu ita ce tsayayya.

Ko da ƙafa aka auna, ko mita, ko kamu, duk ɗaya ne, muddin ma'auni ɗaya aka riƙe daga farko har ƙarshe. Ga babban gini, an fi so a ninka: 6 da 8 da 10, ko 9 da 12 da 15. Babbar alwatika ta fi rage kuskure.

Awon Gicciye

Bayan an kafa turaku huɗu, kafin a fara haƙa, akwai gwaji na ƙarshe. A sa wa turakun suna A, B, C, D, ana zagayawa. Da farko a tabbatar gefunan da ke fuskantar juna tsawonsu ɗaya: AB daidai da CD, BC daidai da AD. Sa'an nan a ja igiya a gicciye daga A zuwa C, a kuma ja daga B zuwa D. Idan awon biyu ya zo ɗaya, kwanoni huɗu duk tsayayyu ne.

Ga hujja. A dubi alwatikar D, A, B da alwatikar C, B, A. Gefen AB nasu ne su biyu. AD daidai yake da BC. Gicciyen DB daidai yake da gicciyen CA. Gefuna uku sun dace. Saboda haka kwanar A daidai take da kwanar B. Da irin wannan dalili, B daidai take da C, C kuma daidai take da D. Huɗun duk ɗaya ne.

To nawa ce kowace? Igiyar gicciye ɗaya tana raba ɗaki zuwa alwatika biyu. Kowace digiri 180. Jimla 360. A raba 360 gida huɗu, kowace kwana ta tashi da 90.

Ɗaki mai ƙafa 12 da ƙafa 16, gicciyensa ƙafa 20 ne. Mai ƙafa 10 da 12, gicciyensa ƙafa 15 da inci 7 da rabi. Filoti mai ƙafa 50 da 100, gicciyensa ƙafa 111 da kusan inci 10.

Idan gicciye ɗaya ya fi ɗaya, a bar turken A da na B inda suke. A gusa C da D tare, da tazara ɗaya. Idan AC ne ya fi tsawo, a gusa su wajen ɓangaren A. Idan BD ne, a gusa su wajen ɓangaren B. A sake aunawa har su zo ɗaya.

A kiyaye, sharuɗɗan biyu tare suke tafiya. Daidaiton gefuna kaɗai bai isa ba, domin siffa tana iya langaɓewa kamar kara huɗun nan. Daidaiton gicciye kaɗai ma bai isa ba, domin ɗaki na iya zama mai faɗin gaba da tsukakken baya, gicciyensa kuma ya zo ɗaya.

Rabon Gona

A nan ne rashin kula da kusurwa ya fi jawo zalunci ba da niyya ba. Mutane da yawa suna zagaya gona suna ƙirga taki. Idan takin gona biyu ya zo ɗaya, sai a ce girmansu ɗaya. Ba lalle ba ne.

A ɗauki gona biyu. Kowace tsawonta taki 60, faɗinta taki 40. Ta farko kwanoninta tsayayyu ne. Girmanta 60 sau 40, wato gurbi 2,400, kowane gurbi taki ɗaya tsawo, taki ɗaya faɗi. Ta biyu ta langaɓe, kwanarta ɗaya digiri 60 maimakon 90. Girmanta kimanin gurbi 2,078 ne kawai. Bambancin gurbi 322 ne, fiye da kashi ɗaya cikin takwas. Idan ƙasa da taki da ruwa iri ɗaya ne, inda ta farko ta ba da dami 16, ta biyu da ƙyar za ta kai 14.

Idan magada biyu aka ba waɗannan gonaki a matsayin rabo ɗaya, an tauye ɗaya, kuma ba wanda ya sani. Awon gicciye ne zai tona. A gona ta farko, gicciye biyun kowanne kimanin taki 72 ne. A ta biyu, ɗaya kimanin taki 53, ɗaya 87. Saboda haka masu rabon gado da masu saye da sayar da gona, kada su tsaya ga zagaye. A ratsa ta tsakiya a auna.

Abubuwan Kiyayewa

Na farko, igiya. Igiyar roba da sabuwar igiyar rama suna miƙewa idan an ja da ƙarfi. A nemi wadda ba ta ƙaruwa, kuma a ja ta da ƙarfi iri ɗaya kowane lokaci.

Na biyu, ƙasa. Idan wurin yana da tudu da kwari, awo zai yi ƙarya. A share wurin, ko a ɗaga igiyoyin duka su zauna a tsayi ɗaya.

Na uku, turke. Turke yana da kauri. A buga ƙusa a kansa, a riƙa auna daga ƙusa zuwa ƙusa.

Na huɗu, taki. Takin dogo ba ɗaya yake da na gajere ba. A gona, igiya ɗaya ko sanda ɗaya ta fi taki.

Na biyar, sukwaya. Ita kanta sukwayar magini tana iya lanƙwashewa idan ta faɗi. Gwada ta abu ne mai sauƙi. A jingina ta da gefen katako miƙaƙƙe, a ja layi. A kifa ta ɗaya ɓangaren, a sake jan layi daga wuri ɗaya. Idan layukan sun hau juna, sukwaya lafiya lau take. Dalili, kusurwa biyu ne daidai da juna a kan miƙaƙƙen layi, kowace rabin 180, wato 90. Idan layukan sun buɗe baki, a nemi wata.

Daɗin daɗawa, daidaita kusurwa ba ya maye gurbin harsashi mai ƙwari, kuma ba ya tare ruwa daga gidan da aka gina a kan hanyarsa. Haka nan awon igiya ba ya maye gurbin safiyo da takardar fili. Idan maganar iyaka ce, a yi awo a gaban maƙwabci da mai unguwa ko dagaci da shaidu, a rubuta tsawon gefuna huɗu da gicciye biyu, kowa ya riƙe takardarsa. Ko da turke ya ɓace bayan shekaru, muddin biyu suna nan, waɗannan lambobi za su mai da sauran inda suke.

Gwada Kanka

1. Hanya biyu miƙaƙƙu sun gicciya juna. Kusurwa ɗaya digiri 70 ce. Nawa ne sauran ukun?

2. Alwatika tana da kusurwa mai digiri 90 da wata mai 35. Nawa ce ta uku?

3. Ɗaki mai ƙafa 9 da ƙafa 12, nawa ya kamata gicciyensa ya zama?

4. An kafa turakun ɗaki mai ƙafa 12 da 16. Gefuna sun dace. Gicciye ɗaya ƙafa 19 da rabi, ɗaya 20 da rabi. A fara haƙa?

Amsoshi: Na 1, mai fuskantarta 70, sauran biyun kowace 110. Na 2, digiri 55. Na 3, ƙafa 15. Na 4, a'a. A gusa turaku biyu har kowane gicciye ya zama ƙafa 20.

Duk wannan aiki ba ya wuce rabin sa'a, kuma ba ya cin ko sisi. Gusa turke da safe abu ne na hannu ɗaya. Rushe bango bayan an kai linta kuwa, sai an sayar da tunkiya. Magidancin da zai yi gini a wannan rani, ya tsaya a wurin ranar kafa turaku, ya roƙi magini su ja igiyar gicciye tare kafin a sa diga a ƙasa. Magini na ƙwarai ba zai ji haushi ba. Tun ran gini ran zane.